Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gyaran Kundin Tsarin Mulki: Ku Ambaci Yajin Aiki Da Sunansa

Zuwa ga 'yan majalisa da lauyoyi da duk wanda aka zaunar a kwamitin rubuta kundin tsarin mulki ko yi masa gyara,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani sashe da kusan kowane kundi yake da shi, wanda kuma kwamitoci suka saba wucewa ta kansa da sauri saboda ba mai musu a kai: sashen da ya ce kowa yana da 'yancin shiga ƙungiya don kare muradinsa, har da ƙungiyar ƙwadago. Jimla ce mai daɗin ji, kuma ban ce a taɓa ta ba. Roƙona kada ku tsaya a nan. Ku ƙara abu uku, kowanne da sunansa: haƙƙin ma'aikata su ajiye aiki tare, wato yajin aiki, haƙƙinsu na tsayawa a ƙofar wurin aiki cikin lumana su gaya wa jama'a dalilin yajin, da haƙƙinsu na ƙaurace wa kayan wanda suke rigima da shi, su kuma roƙi wasu su ƙaurace. Ni ba lauya ba ne, ma'aikaci ne mai jiran albashi, kuma da idon mai jiran albashi na karanta abin da zan kawo muku.

Ku dubi ma'aikaci ɗaya da ya shiga ofishin manaja neman ƙarin albashi, ko neman a gyara injin da ya kusa cinye masa hannu. Yana tsaye, manaja yana zaune. Amsar a shirye take tun kafin ya buɗe baki: in aikin bai yi maka ba ga ƙofa nan, akwai masu jira a waje. Gaskiya kuma manajan ya faɗa, akwai su. Mai kamfani zai iya jure wata da watanni babu wannan mutum, shi kuwa mako biyu babu albashi ya isa ya girgiza gidansa. Abin da kawai yake sauya wannan lissafi shi ne ma'aikatan su ajiye aiki gaba ɗaya a rana ɗaya. Ƙungiyar da ba ta da wannan ikon tana iya yin taro, ta buga takarda mai tambari, ta kai koke, a karɓa a sa a aljihun tebur. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta gane haka a 1996, lokacin da take tantance sabon kundin ƙasar. Masu kamfanoni sun yi ƙorafin cewa an rubuta wa ma'aikata haƙƙin yajin aiki, su kuma ba a rubuta musu haƙƙin garƙame ƙofa su hana ma'aikata shiga ba, don haka babu adalci. Kotu ta ƙi yarda cewa abubuwan biyu daidai suke, domin mai kamfani yana da makamai da yawa a hannunsa, daga kora zuwa ɗauko wasu ma'aikata zuwa sauya sharuɗɗan aiki shi kaɗai, ma'aikata kuwa haɗa kai da ajiye aiki shi ne babban abin da suka mallaka.

Na san amsar da lauyoyin cikinku za su ba ni: ai yajin aiki yana cikin 'yancin ƙungiya, kotu za ta fassara shi haka. Kundin Najeriya na 1999 a sashe na 40 ya ambaci ƙungiyar ƙwadago bai ambaci yajin aiki ba, na Indiya ma a sashe na 19 haka, na Kanada kuwa 'yancin haɗuwa a ƙungiya kawai ya ce ya yi shiru. To ga abin da fassara ta haifar. A 1987 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa wannan 'yanci bai haɗa da yajin aiki ba. A 2015 kotun nan dai, tana duban sashen nan dai, ba a sauya masa ko harafi ba, ta ce ya haɗa. Shekara 28 ke nan tsakani. Wanda ya kama aiki yana saurayi a lokacin hukuncin farko ya yi furfura kafin na biyu. Kuma sa'a aka yi alƙalan baya suka karkata ta wajen ma'aikata. Da sun karkata ta ɗaya ɓangaren, babu abin da rubutun zai ce musu.

A Indiya ta ɗaya ɓangaren aka karkata. A 2003 ma'aikatan gwamnatin jihar Tamil Nadu suka tsunduma yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, gwamnati ta sallami sama da mutum 100,000 cikin 'yan kwanaki. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, sai ta ce ma'aikacin gwamnati ba shi da haƙƙin yajin aiki, ba a tsarin mulki ba, ba a doka ba, ba ma ta fuskar ɗa'a ba. An mayar da akasarinsu bakin aiki, amma sai da suka nemi afuwa a rubuce.

Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ba ta tsira daga wannan ba. Yarjejeniyarta mai lamba 87 ta 1948 a kan 'yancin kafa ƙungiya, da mai lamba 98 ta 1949 a kan ciniki tsakanin ƙungiya da masu ɗaukar aiki, babu wadda ta rubuta haƙƙin yajin aiki ɓaro-ɓaro. Shekaru da dama kwamitocin ƙungiyar suna aiki a kan cewa haƙƙin yana ciki. A 2012 wakilan masu ɗaukar aiki suka tsaya kai da fata cewa ba a rubuta ba, don haka babu. Rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har hukumar gudanarwar ILO ta miƙa tambayar ga Kotun Duniya da ke Hague a watan Nuwamba 2023. Abin da aka bari a fahimta a 1948, sai ga shi ana kai shi gaban alƙalai bayan shekara 75.

Wasunku za su ce to a bar wa dokar majalisa, ita ce ta dace da irin wannan bayani dalla-dalla. Birtaniya ta gwada wannan hanya fiye da kowa, tunda ba ta da kundi guda rubutacce. A 1901 kotun ƙolin ƙasar ta wancan zamani ta ce kamfanin jirgin ƙasa na Taff Vale zai iya ƙarar ƙungiya ya karɓi diyyar asarar yajin aiki. A 1906 majalisa ta toshe wannan ƙofa. A 1927, bayan yajin aikin gama-gari na 1926, wata majalisar ta haramta yajin tausayawa da ake yi don matsa wa gwamnati. A 1946 aka soke wannan doka. Daga 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta shiga datse haƙƙin kaɗan-kaɗan, zuwa 1990 an janye kariya daga yajin goyon baya gaba ɗaya. Duk wanda ya ci zaɓe sai ya ja bargon ta wajensa.

Labarin Amurka ya fi ciwo, domin a can dokar tana nan a rubuce. Dokar Wagner ta 1935 ta ba ma'aikata haƙƙin kafa ƙungiya da yin yajin aiki. Bayan shekara uku kacal, a shari'ar kamfanin Mackay Radio ta 1938, Kotun Ƙoli ta ce gaskiya ne ba za a kori mutum saboda ya yi yajin neman ƙarin albashi ba, amma mai kamfani yana da ikon ɗaukar wani ya zauna a gurbinsa dindindin. Ku tsaya ku auna wannan daga wajen wanda abin ya shafa. An janye yajin, ya dawo da safe, ya tarar da wani a kan injinsa. A takarda ba a kore shi ba, sunansa yana cikin jerin masu jiran gurbi, sai ranar da wani ya tafi. A gida kuwa babu bambanci tsakanin wannan da kora. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 1947 dokar Taft-Hartley ta zo ta haramta wa ƙungiyoyi matsa wa kamfanin da ba shi ne ubangidansu kai tsaye ba. A watan Agusta 1981 Shugaba Ronald Reagan ya ba masu kula da zirga-zirgar jiragen sama wa'adin sa'a 48 su koma aiki, da suka ƙi ya kori sama da 11,000. Su ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, doka ta riga ta hana su yaji, amma kamfanoni masu zaman kansu sun ɗauki darasin, suka daina jin kunyar amfani da damar da hukuncin 1938 ya ba su. Kundin tarayyar Amurka bai ambaci ƙungiyar ƙwadago ko sau ɗaya ba. Shi ya sa wasu jihohi suka sa a nasu kundin, New York a 1938, Missouri a 1945, Illinois kuma a 2022 ta hanyar ƙuri'ar jama'a.

Tsayuwa a ƙofa ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ainihinta magana ce. Mutane ne riƙe da kwalaye a bakin ƙofa, ɗaya yana miƙa takarda ga mai wucewa, wani ya leƙa tagar direban da ya kawo kaya ya ce masa, ɗan'uwa, yaji muke yi, in za ka juya mun gode. Direban yana iya juyawa, yana iya shiga. In babu wannan tsayuwa, mai kamfani shi kaɗai zai riƙa ba da labarin rigimar, kuma wanda aka ɗauko ya maye gurbi ba zai ma san gurbin wa ya shiga ba. A 1940 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Alabama da aka kama wani shugaban ƙungiya mai suna Byron Thornhill da ita saboda tsayuwa a ƙofar masana'anta, ta ce faɗa wa jama'a gaskiyar rigimar ƙwadago yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. Ba a jima ba kotun ta shiga janye jiki, tana cewa tsayuwar ta wuce magana zalla, don haka jihohi za su iya taƙaita ta. Afirka ta Kudu ta rufe wannan gardama: sashe na 17 na kundinta ya ambaci wannan tsayuwa da sunanta tare da taro da zanga-zanga, da sharaɗin lumana kuma babu makami, sashe na 23 kuma ya ce kowane ma'aikaci yana da haƙƙin yajin aiki. Kenya ta bi sahu a kundinta na 2010, a sashe na 37 da na 41. Jimla biyu ce ko uku, ba ta cika shafi ba.

A kan ƙauracewa zan ɗan daɗe, don ita ce na fi tsoron ku bari a baya. A 1902 ma'aikatan wata masana'antar huluna a garin Danbury na Amurka suka shiga yaji, ƙungiyarsu ta roƙi jama'a a faɗin ƙasar su daina sayen hulunan kamfanin. Mai kamfanin ya kai ƙara da dokar Sherman ta 1890, dokar da aka yi don karya manyan kamfanoni masu danne kasuwa. A 1908 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan ma'aikata. Aka yanke diyyar da ta haura dala 250,000, kuma a kan 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, har aka sa hannu a kan gidajensu da ajiyarsu ta banki. Sai da ma'aikata a faɗin ƙasar suka yi karo-karon ladan aikin sa'a guda kafin aka ceto gidajen. Laifinsu shi ne sun ce wa mutane kada ku sayi wannan hula.

Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A 1982 kotun nan ta yanke hukunci biyu, 'yan watanni tsakani. A ɗaya, baƙaƙen fata na wani gari a jihar Mississippi sun ƙaurace wa shagunan fararen fata tun 1966 suna neman daidaito, kotu ta ce tsarin mulki ya kare su, kuma daidai ta yi. A ɗayan, 'yan dakon tashar jiragen ruwa sun ƙi taɓa kayan Tarayyar Sobiyet don nuna fushinsu kan mamaye Afganistan, kotu ta ce sun karya doka, kamfanin da ya yi asara zai iya neman diyya. Duka biyun mutane ne suka janye hannunsu daga ciniki saboda abin da suka ɗauka zalunci ne. Na farko sun janye kuɗinsu aka kira shi 'yanci, na biyu sun janye ƙarfinsu aka kira shi laifi. Bambancin da na iya gani shi ne na biyun ƙungiyar ƙwadago ce.

Dalilin da ake bayarwa na hana matsa wa kamfani na uku shi ne wai ba ruwansa, me ya sa za a ja shi cikin rigimar da ba tasa ba. A zamanin da mai masana'anta shi ne mai kaya, shi ne mai biyan albashi, wannan hujja tana da ƙarfi. Yau fa? Mai shara a babban ofishi ɗan kwangila ne ya ɗauke shi. Mai ɗinka riga yana aiki ne a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, wanda shi kuma wani babban kamfani a wata nahiya ne yake yanka masa farashi da ranar kawo kaya. Wanda sunansa ke kan takardar albashi sau da yawa ba shi da ikon ƙara ko sisi, mai ikon yana can nesa, doka ta lulluɓe shi da sunan wanda ba ruwansa. A ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsagewa a ginin Rana Plaza kusa da birnin Dhaka na Bangladesh. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe. Masu ɗinkin da ke benayen sama aka umarce su su koma washegari, wasu da barazanar riƙe albashi. Ranar 24 ginin ya rufta, sama da mutum 1,100 suka mutu. Mutanen nan sun ga tsagewar da idonsu. Abin da suka rasa shi ne ikon su ce gaba ɗaya ba za mu shiga ba, su kuma tabbata aikinsu yana nan gobe. Bayan haka ma, abin da ya sa manyan kamfanonin tufafi suka sa hannu kan yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine shi ne matsin ƙungiyoyin ƙwadago da tsoron fushin masu saye, wato matsi a kan na ukun da aka ce ba ruwansa. Kotun Ƙolin Kanada ta ɗauki hanyar da na fi gamsuwa da ita a shari'ar Pepsi-Cola ta 2002: tsayuwa a ƙofar wani kamfani na daban halas ce, sai in an haɗa ta da laifi kamar tsoratarwa, ɓarna ko ƙazafi. A hukunta laifin, a bar maganar.

Ban zo in ce muku haƙƙin nan ba shi da iyaka ba. Duk wanda ya taɓa kai majiyyaci asibiti ya tarar ana yaji ya san cewa wanda ya fi shan wuya sau da yawa ba ya cikin masu rigimar. Na kuma san akwai tsayuwar ƙofa da ke komawa duka da fasa gilashi, akwai shugabannin ƙungiya da ke kiran yaji da rana su je a sasanta da su da dare. Mai dukan wanda ya zaɓi shiga aiki a kama shi kamar kowane mai duka. Amma iyakar, ku za ku rubuta ta, a cikin kundin, kada ku bar ta a buɗe. Faransa a gabatarwar kundinta na 1946 da Italiya a sashe na 40 na kundin 1948 sun ce ana yin yajin aiki ne a cikin dokokin da suka tsara shi. A ƙasar da ƙungiyoyi ke da ƙarfi kuma kotuna ke tsaye, wannan lafazi bai yi ɓarna ba. A ƙasar da gwamnati ke juya majalisa yadda ta so, wannan 'yar jimla ta isa a kwashe haƙƙin duka ta cikinta, musamman in aka haɗa ta da sashen nan da ya ba da damar taƙaita kowane 'yanci saboda tsaro ko zaman lafiya.

Babbar kafar ita ce abin da ake kira ayyuka masu muhimmanci. Kwamitocin ILO sun ba da ma'auni mai kyau: aikin da in aka tsayar da shi zai jefa rai, ko tsaron lafiyar jiki, ko lafiyar jama'a duka ko wani sashe nasu cikin haɗari. Sashen gaggawa na asibiti ya shiga, ruwan sha ya shiga, masu kashe gobara sun shiga. Amma gwamnati in aka bar mata alƙalami, jerin ba ya daina tsawo: yau tashar jiragen ruwa, gobe banki, jibi makaranta, har a wayi gari duk aikin da tsayawarsa zai dami gwamnati ya zama mai muhimmanci. Alhali damuwar ita ce amfanin yajin. Wanda bai takura wa kowa ba, ba mai zuwa teburin sulhu saboda shi. Dokar jihar Saskatchewan da ta jawo hukuncin Kanada na 2015 irin wannan ce: ta bar wa gwamnati, wadda ita ce mai ɗaukar aikin, ta zaɓi da kanta waɗanda ba za su yi yaji ba, babu wani mai zaman kansa da zai duba zaɓin yadda ya kamata, babu kuma wata hanyar warware rigimar a madadin yajin. Ku sa ma'aunin ILO a kundin. Ku ƙara cewa duk wanda aka hana yaji, dole a ba shi masu sasanci da ba gwamnati kaɗai ta naɗa ba, masu yanke hukunci cikin lokaci ƙayyadadde, hukuncin kuma ya hau kan gwamnati kamar yadda ya hau kan ma'aikaci.

Akwai kuma kisan mummuƙe da ake yi ta hanyar ƙa'idoji. A ba da sanarwa, na yarda. A kaɗa ƙuri'a a asirce tsakanin 'yan ƙungiya, na yarda, hasali ma wannan yana kare ma'aikaci daga shugabanninsa. Amma in aka jera matakai ta yadda kowane mataki yana hana yaji har sai an gama shi, na ƙarshen kuma hukunci ne da ya haramta yajin, to an rubuta haƙƙin da babu ranar amfani da shi. Haka umarnin kotu da ake samowa ana gobe za a fara, ɓangare ɗaya kawai alƙali ya saurara, kafin a dawo a ji ta bakin ƙungiya zafin ya huce, mutane sun watse. Amurka ta sha wannan tun yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na kamfanin Pullman a 1894, har majalisa ta ɗaure hannun kotunan tarayya da dokar Norris-LaGuardia a 1932. Batun ba aiki ba albashi kuwa, a ganina wanda ya ajiye aiki ya san zai iya rasa ladan kwanakin, wannan shi ne nasa kason na wahalar, kuma ILO ma ba ta ɗauke shi take haƙƙi ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne kora, ko maye gurbi na dindindin, ko bin mutum da diyyar da za ta cinye gidansa saboda yaji na halas.

Ku kula da kalmar farko ta sashen. Ku rubuta kowane ma'aikaci. Dokar Wagner da na ambata ta cire ma'aikatan gona da masu aikin gida, waɗanda a jihohin kudancin ƙasar Amurka na wancan lokaci da yawansu baƙaƙen fata ne, kuma har yau ba a mayar da su cikinta ba. Yanzu hanyar cirewar ta sauya salo: a kira mutum ɗan wucin gadi shekara da shekaru, ko a ce direban da manhajar waya ke ba shi aiki, take yanka masa kuɗi, take iya rufe shi a kowane lokaci, wai shi mai zaman kansa ne. In haƙƙin ya rataya a kan sunan da mai ɗaukar aiki ya ga dama ya ba mutum, zai ba shi sunan da babu haƙƙi a ciki. Kundin Barazil na 1988 ya ƙara wani abu mai kyau a sashe na 9, cewa ma'aikata ne da kansu za su yanke lokacin yin yaji da muradun da za su kare da shi.

Za ku iya ce mini rubutu ba ya tare harsashi, kuma ba zan musa ba. A ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sanda suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 da ke yaji a Marikana, a Afirka ta Kudun nan da na yaba wa kundinta. Amma ku dubi abin da ya faru a jihar Ontario ta Kanada a watan Nuwamba 2022. Gwamnati ta so hana ma'aikatan makarantu kusan 55,000 yin yaji, da tarar da za ta kai dala 4,000 ta Kanada a kan kowane mutum kowace rana. Da yake yajin aiki ya riga ya zama haƙƙin tsarin mulki, ba ta iya yin haka a ɓoye cikin wata ƙaramar doka ba. Dole ta fito fili ta yi amfani da sashen da ke ba majalisa damar tsallake haƙƙin ɗan ƙasa, kowa yana gani. Ma'aikatan suka fita duk da haka, sauran ƙungiyoyi suka mara musu baya, cikin mako biyu aka soke dokar. Masu mulkin danniya sun daɗe da sanin nauyin wannan haƙƙi: a ranar 2 ga Mayu 1933 'yan Nazi suka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago a Jamus, watanni uku da hawansu mulki, kuma a jerin buƙatu 21 da ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a Poland suka rubuta a 1980, ta farko ƙungiya mai cin gashin kanta ce, ta biyu haƙƙin yajin aiki.

Kafin ku rufe zama a kan wannan sashe, ina roƙon ku ware rana guda ta jin ra'ayi, ku gayyato waɗanda ba su da ofishi ko lauya: masu shara da ke ƙarƙashin 'yan kwangila, masu aikin gida, leburorin gona, direbobin manhaja, da ma'aikatan jinya da aka hana yaji aka kuma bar su babu mai sasanci. Ku gayyato masu kamfanoni su ma su faɗi nasu, a zauren guda, a rana guda. Sannan ku buga daftarin sashen da iyakokinsa a harsunan da ma'aikata ke ji, tun da sauran lokacin da za a iya gyara shi.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ma'aikaci, ɗan ƙungiyar ƙwadago